Sharhi na akan ƙaramin mashin 150cc bayan doguwar tafiya cikin karkara

Masu cewa sai da ƙaton mashin ake doguwar tafiya, gaskiya ban yarda da ku ba. Nawa 150cc ne, silinda ɗaya, iska ke sanyaya injin babu ruwansa da lagireto, ƙarfinsa bai wuce doki 12 da ɗan wani abu ba, kuma da shi na zaga ƙauyuka, kwalta da burji da yashi har da 'yar laka, da kaya ɗaure a baya.

Inji kam ban da abin cewa. Indai ka riƙe shi tsakanin 70 zuwa 80 to zai wuni yana tafiya ko tari ba zai yi ba, amma kana matsa mishi ya haura 90 sai kan mashin ya fara kakkarwa, madubi ya daina nuna komai sai dishi-dishi, bayan ɗan lokaci kaji yatsunka sun mutu kamar ba naka ba. Haka silinda ɗaya yake dama. Mai kuma baya sha, tankin lita 12 ne, da kayan nan duka ina samun wajen kilomita 40 a lita ɗaya, kaga kenan ko gidan mai yayi nisa hankalinka kwance. A hawan tudu ne kawai yake nishi, musamman wuri mai bisa sosai inda iska ta yi ƙaranci, kafireto baya samun yadda yake so, dole ka dawo giya ta uku ka bi shi a hankali.

Abin da yafi burge ni rashin nauyi. Manyan nan da ake ta yayi irin BMW R 1250 GS kilo 249 ne da mai a tanki tun kafin ka ɗora ko jaka ɗaya, nawa kuwa da ƙyar ya kai rabin haka. A cikin yashi tayar gaba ta kwashe mun kwanta ni da shi, na miƙe na kakkaɓe na ɗaga abuna ni kaɗai, abin da ya samu kawai hannun kuloci ya ɗan lanƙwashe. Kuma duk ƙauyen da ka tsaya akwai bakaniken da ya san cikinsa, fulogi ko wayar kuloci ba wahalar samu.

To yanzu sit ɗin. Wallahi wanda ya ƙera sit ɗin nan bai taɓa zama akai na awa biyu a jere ba. Soson yayi laushi da yawa, da farko zaka ji daɗi, can sai ya lotse kaji kana zaune kan robar ƙasa, ka karkata dama ka karkata hagu ka miƙe tsaye kan matakala, duk a banza, ga bayanka ga wuya, ga shokoziba na baya da in an ɗora kaya yake bugawa har ƙasa duk ramin da ka faɗa. Sai da na ƙara mishi tauri zuwa matakin ƙarshe kafin aka samu sauƙi. Duk wanda zai yi irin tafiyar nan ya kai sit a sake mishi soso mai tauri tun kafin ya tashi, ya fi mishi duk wani kwalliyar fitilu amfani.

Sarƙa ma tana son kulawa, ƙura tana haɗuwa da man jikinta ta zama kamar sanfefa tana cin haƙoran sifiroket. Ƙa'ida dai a sa mata mai duk kilomita 500 haka, amma a burji ni kullum da yamma nake gogewa in shafa, in duba kuma sakinta kar ya wuce santimita 2 zuwa 3. Matatar iska ma haka, ka buɗe ka ga abin mamaki.

Birkin baya na ganga ne, a doguwar gangara in ka daɗe kana taka shi zafi yake ɗauka ya fara santsi, gara ka rage giya injin ya riƙe maka. Fitilar gaba kuwa ba ta da wani haske, ni dai rana na faɗuwa nake neman wajen kwana, dabbobi na tsallaka hanya ba sallama. Taya mai tib ce, don haka faci da famfo da ƙarfen cire taya basa barin jakata, ƙaya ɗaya ta isa ta tsayar da kai a inda babu kowa.

In maki ne na bashi 4 cikin 5, ɗayan sit ne ya cinye. Mutum biyu da kaya kam ban baku shawara ba, zaku wahala shi ma ya wahala.