Gargaɗi ga masu Range Rover da Jaguar mai sufacaja: akwai mai sayar da tamostat da babu komai a cikinsa

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke tallar kayan gyaran mota a Facebook da Instagram, yana kuma kutsawa cikin zaurukan WhatsApp na masu motoci a nan Jos da Abuja. Abin da ya fi tallatawa shi ne abin da yake kira cikakken saiti na kayan ruwan inji, na Range Rover da Range Rover Sport da Discovery da Jaguar masu sufacaja (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), wato injin 3.0 mai silinda 6 da injin 5.0 mai silinda 8. A cikin saitin, in ji shi, akwai tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji) da gidansa, famfon ruwa, bututun gaba da na baya, da robobi da gasket. Kuɗin kuwa bai wuce rabin abin da za a ce maka a shagon kirki ba. Ban sa sunan shafinsa a nan ba, domin yana sauya shi kamar riga, kuma wanda yake amfani da shi yanzu ya yi kama da sunan wani shago na mutanen da ba su ji ba su gani ba. Da salonsa za ku gane shi.

Masu gyara motarsu da kansu a gida yake farauta, ba makanikai ba. Bakanike ya san kaya, da ya ɗaga a hannu ya ji nauyinsa zai gane. Amma ma'aikacin da ya kalli bidiyo a YouTube, ya sayi sifanu, ya ware Asabar da Lahadi don ya huta da kuɗin aiki, shi ne abincinsa. Zai ce maka shagonsa na Abuja, yau ya ce Zuba, gobe ya ce Apo. Waɗanda suka je neman lambar shagon da ya bayar ba su same shi ba, 'yan kasuwar wurin ma ba su san shi ba. Bidiyon kantoci cike da kwalaye da yake turowa na wasu ne ya kwaso. In ka nemi ya kira ka ta bidiyo ya nuna maka kayan a hannunsa, sai ya ce yana tashar jirgin ruwa a Legas yana fito da kwantena. Lambar asusun da zai ba ka sunan wani ne daban, in ka yi magana ya ce, "Alhaji, asusun yarona ne, nawa ya cika." Kuma kullum saiti ɗaya ne ya rage, wani daga Kaduna na shirin turo kuɗi.

Wasu daga sun tura kuɗi shi ke nan, ya yi ɓatan dabo. Waɗannan ni a ganina su ne masu sa'a, kuɗin kaya kawai suka yi asara. Wanda aka aiko wa kwali ta hannun direban tasha shi ne ke cikin hatsari, kuma yayana na cikinsu.

Sai na ɗan yi bayanin yadda injin yake kafin a gane inda zambar take. A waɗannan motoci sufacaja na zaune ne a saman inji, a tsakiyar kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu. Bututun ruwa na roba mai tauri suna bi ta ƙarƙashinsa da bayansa. Kowa da ya daɗe da irin motar ya san ciwonsu: zafi na gasa robar shekara da shekaru har ta bushe, sai ta tsage ta wajen ɗinkin da aka haɗa ta. Ba a kaiwa ga bututun da ke ƙarƙashi sai an sauke sufacajar gaba ɗaya, kuma abu ne mai nauyi, sai mutum biyu. Shi ya sa duk mai hankali in ya buɗe wurin yake canza komai lokaci guda, tamostat da famfo da bututu, don kada ya sake komawa. Ɗan damfarar nan ya san haka. Ya kuma san cewa da zarar an mayar da sufacaja an ɗaure, idonka ba zai ƙara ganin bututun da ya sayar maka ba.

Tamostat ɗin waɗannan injina ba irin na tsohuwar Peugeot ba ne da ake kwance noti biyu a ciro shi. A rufe yake cikin gidansa na roba mai baki da yawa, gaba ɗaya ake canzawa. To, wanda ya aiko wa yayana gida ne kawai. An fasa cikin an zare bawul ɗin da sifirin, an wanke shi, an shafa masa man da ake sa wa taya ta yi sheƙi, an sa a leda an liƙe. Bututun kuma tsofaffi ne da aka ciro daga injin da ya mutu. Famfon ruwan sabo ne, amma marar suna, in ka juya shi da hannu za ka ji yana wasa.

Na san abin da wasu za su ce, ai makanikanmu ma cire tamostat suke yi, su haɗa fanka kai tsaye, su ce na ƙasar sanyi ne. A kan wannan tunanin ne mutumin yake cin kasuwarsa, domin ko an kama shi sai ya ce ai taimakonka ya yi. Ni dai ban yarda da wannan al'ada ba a kowace mota ta zamani, balle wannan. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe hanyar lagireto. In babu shi injin ba ya ɗumama da wuri, kwamfutar motar na ganin har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. A Jos kuwa, inda muke sama da mita 1,200 daga teku, da asubahin Disamba da Janairu sai ka yi tafiya daga Bukuru har Farin Gada hita ba ta ba ka ɗumi ba.

Sai dai abin da mutane ba su cika sani ba shi ne inji marar tamostat yana iya yin obahitin, wato zafi ya wuce ƙima. Irin wannan gida mai baki da yawa yana da wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Lokacin da bawul ya buɗe hanyar lagireto, shi ne kuma yake toshe waccan gajeriyar. In an zare shi, hanyoyin biyu a buɗe suke, wani kaso na ruwan zai riƙa komawa inji da zafinsa. A cikin gari ba za ka lura ba. Sai ranar da ka taso daga Abuja ta Keffi da Akwanga, ka ɗauki Hawan Kibo da kaya da iyali da esi a kunne. A nan ne tsohon bututun da ke ƙarƙashin sufacajar yayana ya tsage, ruwan ya zube a kwarin inji. Allah ya taimaka ya ga saƙon ƙarancin ruwa ya kashe motar nan take, aka jawo ta gida. Injin nan alminiyom ne, 'yan mintoci kaɗan na zafi sun isa su ƙona gasket ɗin kai ko su lanƙwasa kan silinda. Kada kuma a dogara da allurar zafi ta dashbod, an tsara ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin na hawa da sauka, wasu Jaguar ɗin ma ba su da ita sam.

Da muka sake sauke sufacajar muka ga abin da ke ciki, na ce, "Yaya, kira shi mu ji." Mutumin ya ɗauka da fara'arsa, ya yi ta rantsuwa cewa kuskuren yaran shago ne. Sai ya kawo zagaye na biyu: a mayar masa da kayan, a cika kuɗi kaɗan, zai aiko da bututun alminiyom waɗanda ba sa tsagewa. Bututun alminiyom ɗin gaskiya ne akwai su a kasuwa, mutane da yawa na komawa kansu, shi ya sa maganar take shiga kunne. Yaya bai tura ba. Wani a zaurenmu ya tura, kayan da za su zama shaida suka tafi, cikon ya tafi, washegari aka toshe lambarsa.

Wanda kaya ya riga ya iso hannunsa, kada ya ɗaura sai ya duba. Haska tocila cikin bakin gidan tamostat, dole ka ga bawul na ƙarfe da sifirin. Hura iska ta bakin da ke zuwa lagireto, in yana da sanyi bai kamata iska ta wuce salin alin ba. Kana iya tsoma shi a tukunyar ruwan zafi ka ga ko zai buɗe, sai dai a Jos ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96 saboda tudu, kuma irin mai soket na lantarki ba lallai ya buɗe sosai a tukunya ba, don haka gwajin tocila da na iska sun fi. A jikin yawancin kayan roba akwai ɗan da'ira mai kibiya da ke nuna shekara da watan da aka zuba shi. In an ce maka sabo ne ka ga shekarar ta yi daidai da ta tsohuwar mota, ka gama samun amsa. Sansana cikin bututun, tsoho ba ya rabuwa da warin ruwan lagireto, kuma za ka ga sawun kilif a bakinsa. Robobin zobe su zama zagaye masu laushi, ba waɗanda suka baje ba. Lambar kayan Land Rover na farawa da LR sai lambobi 6, amma kwali da sitika abu ne mai sauƙin bugawa, don haka kayan za ka duba, ba kwalin ba. Mai sayarwa na gaskiya ma kafin ya ce maka yana da shi sai ya nemi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, saboda kayan sun bambanta daga shekara zuwa shekara. Wannan bai taɓa tambayar kowa ba.

In da hali ka je da ƙafarka, ko ka sa wani naka a Abuja ya je ya riƙe kayan a hannu kafin kuɗi su fita. In kuwa sun riga sun fita, ka sanar da bankinka a ranar, ka adana hoton hirarku da rasidin turawa da takardar tasha, ka kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC, akwai kuma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC. Kada ka mayar masa da kayan ko da ya yi kuka.

Su kuma waɗanda suka riga suka ɗaura saitinsa suna yawo, ba sai kun sauke sufacaja za ku fara ganewa ba. Ku jona ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, ku kalli ainihin zafin ruwa kuna tafiya. In ya kasa kaiwa wajen 90 bayan doguwar tafiya, ko yana faɗuwa duk lokacin da kuka sauko gangara, ko lambar matsala ta P0128 ta fito a na'urar, to da alama gidan nan fanko ne. Ku tada motar da safe ku riƙe tiyon sama na lagireto, nesa da fanka da bel: in ya fara ɗumi tun a mintocin farko, ruwa na wucewa ba mai tsare shi. Wanda ya ga haka ya ɗauka bututun da ke ƙarƙashi ma tsofaffi ne, ya ajiye motar, kada ya hau hanyar Abuja da ita sai an canza su.