Sharhi kan baihe, saiwar furen lili da ake ci a ƙasar Sin

Tun da harkar kasuwanci ta zaunar da ni a Guangzhou nake sayen baihe, kuma na gwada ɗanya da busasshiya har na san bambancinsu. Siffarta kamar ta tafarnuwa ce, fara, ana ɓare ta sala-sala, sai dai ba ta da yaji ko ƙarfin wari. Wadda na fi amincewa da ita ita ce ta Lanzhou a lardin Gansu, domin tana da zaƙi kuma babu ɗaci a cikinta, saɓanin ta Yixing a lardin Jiangsu wadda ɗacinta ke fitowa fili, aka fi nemanta don magani. Ta Lanzhou tana shafe shekaru a ƙasa kafin a haƙe ta, shi ya sa take da tsada, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta.

Masana maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna ba da ita ga mai busasshen tari, da mai bushewar maƙogwaro, da wanda barci ke yi wa wuya saboda rashin natsuwa. Abin da zan iya shaida da kaina shi ne, idan na jiƙa busasshiyar ta yi laushi, na dafa ta cikin kunun shinkafa tare da 'ya'yan lotus (wani furen ruwa mai kama da bado) da ɗan sukari, na sha da ɗumi da daddare, kaikayin maƙogwaro yana lafawa kuma cikina ba ya yin nauyi. Zancen barci kuwa, sauyin da na gani kaɗan ne, ba zan ba kowa tabbaci a kansa ba. Abinci ce mai sitaci da ɗan furotin da sinadarin fotasiyam, don haka mai ciwon sukari ya lissafa ta cikin abincinsa, wanda tarinsa ya daɗe kuma ya nufi asibiti. Su kansu 'yan Sin suna sa ta cikin abincin da suke ganin yana sanyaya jiki, suna hana mai gudawa ci.

Ɗanyar ta fi daɗi nesa ba kusa ba, musamman idan aka soya ta sama-sama da kayan lambun nan da ake kira seleri, a sauke tun tana da ɗan ƙarfi a haƙori.

Inda na samu matsala shi ne wajen busasshiyar. Wani ƙunshi da na saya ya zo fari fat da wari mai tsami, alamar an turara shi da farar wuta don ya yi kyan gani, dole na zubar. Mai kyau launinta yana ɗan karkata zuwa rawaya. Haka kuma kada wani ya haƙo saiwar furen ado ko na daji ya dafa, domin akwai masu kama da lili, irin su Gloriosa da ke fitowa a dazuzzukanmu da damina, waɗanda gubarsu tana kisa. Mai kyanwa a gida ya nisanta ta da kowane ɓangare na lili, saboda yana lalata mata ƙoda.