Tsinkayen kan ƙwaro da eriyar rediyo, wa ya ari sunan wani?

Ɗan'uwa ka tambaya wai 'yan tsinkayen nan biyu da ke kan fara ko kyankyaso da Turawa ke ce ma antenna, daga rediyo anka aro sunan ko rediyon ne ya aro. To ƙwaro ya riga rediyo nesa ba kusa ba, amma shi ma aro ya yi.

Kalmar ta Latin ce, sandar da ake gittawa bisa jirgin ruwa a ɗaura mata babban ƙyallen da iska ke turawa ita ce antenna. Aristotle da ya yi rubutu kan dabbobi da Girkanci keraia ya kira tsinkayen ƙwari, daga keras wato ƙaho, kuma da wannan keraia ɗin matuƙan jirgi ke kiran waccan sandar, shi ya sa Theodorus Gaza da ya mai da littafin Latin, wanda anka buga a 1476, ya ɗauki ma'anar sanda ya bar ta ƙaho. Ni dai a ganina ƙahon ya fi dacewa wallahi, ko nan Sakkwato ka ɗauko fara ka nuna ma yaro ka ce mi ne ne wanga bisa kanta, ƙaho zai ce maka.

Ta rediyo kuwa sai wajen 1895 da Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda sunka ƙirƙiro rediyo, ke gwaje-gwajensa a Italiya, a yarensu dogon sanda antenna ne, ita ma daga sandar ta fito ba ta bi ta ƙwaro ba. Mu kuma eriya munka riƙe, daga aerial na mutanen Ingila.

Wajen aiki ma ba su haɗu ba. Eriya ƙarfe ce, siginal take kamawa ko ta tura, shi ke nan. Na ƙwaro kuwa nama ne mai rai mai gaɓoɓi, da shi yake sunsuna abinci da shi yake laluben hanya cikin duhu, kusan hanci ne da hannu a haɗe. Namijin sauro har ji yake da nashi, a gaɓa ta biyu akwai wani ɗan sashe da wani likita Christopher Johnston ya bayyana a 1855, shi ke ɗaukar ƙarar fikafikan tamata, da haka namijin ke gano inda take.