Zaɓen Tabar Siga Mai Ƙarfi: Wadda Ta Cancanci Kuɗinka, da Jabun da Ya Cika Kasuwa

Yawancin waɗanda suke shiga kantin taba suna neman tabar siga (cigar, wato tabar da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda) mai ƙarfi sukan miƙa hannu ga karan da ya fi duhu a cikin akwati, suna zaton baƙin ganye shi ne shaidar ƙarfi, alhali kuwa ba a nan ƙarfin yake ba. Ganyen waje mai duhu, wanda ake kira maduro, ya yi duhun ne saboda an tara shi tsibi-tsibi an bar shi ya daɗe yana ɗaukar zafin kansa har ya nuna sosai, kuma abin da hakan yake ƙara masa shi ne zaƙi da laushin hayaƙi. Ƙarfi yana fitowa ne daga ganyen da aka cusa a ciki, musamman ligero, wato ganyen can saman shuka, wanda ya fi shan rana, ya fi kauri da maiƙo, ya kuma fi tara nikotin. Da yake ba ya saurin ci da wuta, a tsakiyar kara mai naɗi yake sa shi, ya kewaye shi da seco mai ƙamshi da volado mai saurin kamawa. Idan an yawaita ligero, karan zai yi ƙarfi ko da ganyen wajensa ja ne fes.

Ya kamata kuma mai saye ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ƙarfin da jiki yake ji, wanda yake sa kai ya yi nauyi, gumi ya karyo, akwai kuma cikar ɗanɗano, wato yadda hayaƙin yake cika baki ya bar saƙo a kan harshe bayan an fesar. Bambancinsu kamar na yaji ne da romo a cikin miya: miya takan yi yaji har a share hawaye, amma babu romo a cikinta ko kaɗan. Karan da ya cancanci kuɗi shi ne wanda ya haɗa biyun, kuma ɗanɗanonsa yake sauyawa daga kai zuwa gindi. Ni kuwa ina ƙara sharaɗi na uku da nake ɗorawa sama da waɗannan, shi ne karan ya ja iska yadda ya kamata, kuma wanda ka ɗauka yau ya zama daidai da wanda za ka ɗauka gobe daga akwati ɗaya. Kara toshe ba shi da ɗanɗano, komai tsadarsa da komai sunan da ke jikin zoben takardar da aka ɗaura masa.

A kan waɗannan ma'aunai, zaɓina shi ne Padrón 1926 Serie, mai ganyen maduro, musamman girman da ake kira lamba 9. José Orlando Padrón mutumin Kyuba ne daga yankin Pinar del Río, inda aka fi noman taba a ƙasar. Ya bar gida bayan juyin juya hali, ya kafa kamfaninsa a Miyami a 1964, sannan ya buɗe masana'anta a garin Estelí na ƙasar Nikaraguwa a 1970. An ƙone masana'antar a 1978 lokacin yaƙin da ya kifar da gwamnatin Somoza, amma iyalin ba su saki sana'ar ba, kuma har yanzu a hannunsu take bayan rasuwarsa a 2017. An fitar da 1926 Serie a 2002, aka raɗa mata shekarar haihuwarsa. Ganyenta duka na Nikaraguwa ne, kuma kamfanin yana ajiye shi shekara biyar ko fiye kafin a naɗa, wanda shi ne dalilin da ya sa ba a buƙatar a saya a jira ta kwanta. Lamba 9 tana da tsawon kusan santimita 13, kaurinta ma'auni 56 (ana auna kaurin siga da kashi ɗaya cikin 64 na inci), an matse ta a akwati ta yi kusurwa huɗu, don haka tana zama daram a tsakanin yatsu. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka ta zaɓe ta tabar sigar shekara a 2007.

Da an kunna ta, abin da yake fara tarar mutum shi ne yajin masoro a bayan hanci, mai kaifi amma ba mai ƙona maƙogwaro ba. Cikin 'yan mintoci yajin yakan ja baya, sai ɗanɗanon koko mai ɗaci da gasasshen kofi su fito fili, ƙarƙashinsu kuma akwai zaƙi irin na mazarƙwaila wanda yake maƙalewa a leɓe. Hayaƙin yana da kauri da yawa, yana fitowa daga zuƙa ɗaya ba tare da wahala ba, tokar kuma takan riƙe kanta tsawon gaɓar yatsa kafin ta faɗi. Daga tsakiya zuwa ƙasa ƙamshin ƙasa mai danshi da jemammiyar fata yake shigowa, ƙarfin yana hauhawa sannu a hankali, har mutum ya kai kashi na ƙarshe yana jin nauyinta a jiki, amma ɗacin ƙuna bai ɓata ta ba. Wannan hauhawar a hankali ita ce abin da ya raba ta da yawancin masu ƙarfi, waɗanda suke zubar da duk abin da suke da shi a minti goman farko. Aibinta guda biyu ne da na sani: tana da tsada, kuma tana jan iska a sake, ta yadda mai gaggawar zuƙa zai sa ta yi zafi ta ƙone da wuri. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi 1964 Anniversary Series da aka fitar a 1994, ko ma Padrón 3000 maduro, wadda ba ta kai su laushi ba amma jininsu ɗaya ne.

Sauran masu ƙarfi, na Nikaraguwa da na wasu ƙasashe, ba sa buƙatar dogon bayani. Joya de Nicaragua Antaño 1970, daga masana'antar da aka kafa a 1968, tana da sauƙin kuɗi da ƙarfin gaske, sai dai barkono ne daga farko har ƙarshe. Oliva Serie V tana da kyau ga kuɗinta, amma ba ta sauya murya. Liga Privada No. 9 ta kamfanin Drew Estate, mai ganyen waje na Connecticut Broadleaf, tana da maiƙo da hayaƙi mai yawa, sai dai zaƙinta ya rinjayi komai. La Flor Dominicana Double Ligero ta Jamhuriyar Dominikan kuwa sunanta ya faɗi abin da take, ta masu neman bugu ce kawai. Fuente Fuente OpusX, ita ma ta Dominikan, wadda ta fito a 1995, taba ce mai daraja, amma wahalar samunta da kuɗin da ake ɗora mata sun wuce abin da take bayarwa. Camacho Corojo ta Honduras ba ta taɓa jan hankalina ba.

Abokiyar hamayya ta gaskiya ita ce Partagás Serie D No. 4 ta Kyuba, mai jan zobe da rubutun zinariya, tsawonta milimita 124, kaurinta ma'auni 50. Sunan Partagás ya samo asali tun 1845 a Habana, babban birnin Kyuba, ganyenta kuma daga Vuelta Abajo yake, a yankin Pinar del Río, kuma idan aka dace da mai kyau tana da wani ɗanɗano na itacen sida (cedar, katako mai ƙamshi) da ƙasa da ɗan tsami-tsami wanda ba a samu a tabar wata ƙasa. Bolívar Belicosos Finos ma haka take, ta ma fi ta kaushi. Amma masu shan tabar Kyuba da kansu sun daɗe suna kukan cewa a akwati ɗaya akan sami karan da ya toshe, kuma sabon naɗi yakan buƙaci watanni ko shekaru a ajiye kafin warin amoniya ya fita. Sama da wannan duka, sunan Kyuba shi ne wanda 'yan jabu suka fi ci da shi a duniya, kuma a nan ne mai saye yake asarar kuɗinsa.

Na taɓa karɓar akwati a matsayin tsaraba daga wani ɗan'uwa da ya saya da kuɗi mai yawa a hannun wani mai talla a ƙasar waje, wanda ya rantse masa cewa daga ƙofar masana'anta aka fito da shi. Karan farko ya ƙi jan iska, na biyu ya ci ta gefe ɗaya yana warin ƙonannen kwali. Da na sa reza na tsaga na uku daga kai zuwa gindi, maimakon dogayen ganye a jere, sai ɓarɓashin taba ya zubo a kan faranti, tare da guntayen jijiya, da zare, da wani busasshen ganye da ba na taba ba ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutumin da ya kawo ya yi ne don girmamawa, kuma kuɗinsa ya tafi a banza.

Don haka a kula da waɗannan abubuwa da kyau. Duk akwatin Cohiba mai murfin gilashi da ake tallarsa a bakin teku ko a titi jabu ne, musamman mai ɗauke da nau'inta da ake kira Esplendidos, wanda shi aka fi kwaikwayo. An ƙirƙiri Cohiba a 1966, tun tana tabar Fidel Castro da baƙin gwamnati, ba a fara sayar da ita ga jama'a ba sai 1982, kuma tun da kamfanin Habanos S.A. mai kula da fitar da tabar Kyuba ya yi mata ƙarin kuɗi mai tsanani a 2022, babu wanda zai sayar maka da ta gaske da araha. Arahar kanta ita ce shaida ta farko. Labarin nan na cewa mai sayarwa yana da ɗan'uwa a masana'anta da yake fito da su ta bayan gida, shi ne tsohon zancen da ake yi wa kowane baƙo a titunan Habana.

Akwatin gaske yana ɗauke da hatimin gwamnatin Kyuba mai launin kore da fari, wanda aka naɗe a gefen hagu na murfi, yana da tambari mai walƙiya a gefe ɗaya da lambar layi-layi a ɗayan, kuma ana iya shigar da lambar a shafin Habanos na intanet a ga ko ta yi daidai da suna da girman abin da ke ciki. A kusurwar dama ta sama akwai wata farar takarda mai sunan Habanos. A ƙasan akwatin an ƙona rubutun Habanos S.A. da Hecho en Cuba da Totalmente a mano a jikin katako, wanda yatsa yake jin zurfinsa, tare da hatimin tawada mai nuna masana'anta da wata da shekarar da aka cika shi. Zoben Cohiba kuwa haruffansa na zinariya a kumbure suke, fararen murabba'an da ke kan baƙi a jere suke babu wanda aka yanke rabi, hoton kan ɗan ƙabilar Taino, 'yan asalin Kyuba, da ke tsakiya yana walƙiya idan an juya shi a haske. A duba kan karan ma, domin tabar Kyuba ana rufe kanta da ɗinki uku da ake gani a fili, kuma karan da ke akwati ɗaya launinsu ɗaya ne, tsawonsu ɗaya, zobensu a layi ɗaya.

Duk da haka kada wannan ya sa mutum ya saki jiki, domin 'yan jabu sun daɗe da gane cewa ana duba akwati. Suna sayen akwatunan gaske da aka shanye su cika da nasu naɗin, suna kuma samun zobe da hatimi na gaske ta hannun ɓarayi. Akwati mai kyau ba ya wanke mai sayarwa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a saya a kantin da ke da izini, irin su La Casa del Habano, kantunan da Habanos ya ba izini, ko kantunan da ba a biyan haraji a manyan filayen jirgin sama, a karɓi rasit, a kuma nemi a buɗe akwatin a gabanka. Akwai wani ruɗani kuma da ba jabu ba ne amma yana cin kuɗin mutane: saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba tun 1962, ana sayar da Cohiba da Partagás da Montecristo a Amurka waɗanda a wasu ƙasashe ake naɗa su, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wanda aka kawo masa Cohiba mai jan ɗigo a cikin harafin O daga kantin Amurka ya sani ba ta Kyuba ba ce. Ita ma Padrón ana kwaikwayonta, shi ya sa kamfanin yake sa wa kowane kara na 1926 da 1964 zobe na biyu mai lamba tasa ta kansa. Idan kara biyu suka zo da lamba ɗaya, ko babu zoben gaba ɗaya, a ajiye a wuce.

Bayan an samu ta gaske, ajiya ce take kashe ta a ƙasashenmu. Tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi kusan digiri 18 zuwa 21. Iskar hunturu takan busar da kara cikin 'yan kwanaki har ganyen waje ya tsage, zafin bazara kuma yakan ƙyanƙyashe ƙwan ƙwaron taba, wanda yake barin ƙananan huji kamar na allura a jikin kara. Wanda ba shi da akwatin sida na musamman, robar abinci mai rufewa ruf da 'yar jakar danshi ta kamfanin Boveda mai lamba 69, wato mai riƙe danshi a kashi 69 cikin ɗari, sun wadatar, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Kada a sayi akwati guda na abin da ba a taɓa ɗanɗanawa ba, a fara da kara ɗaya ko biyu.

Ba a kunna irin wannan taba da yunwa, ba a kuma haɗiye hayaƙinta zuwa huhu. Idan jiri ko tashin zuciya ya taso, a ajiye ta a sha wani abu mai sukari. Rashin haɗiyewar bai kawar da cutarwarta ba, domin nikotin yana shiga jini ta fatar baki, kuma tana jawo kansar baki da maƙogwaro da ciwon zuciya, kara ɗaya mai kauri kuwa yana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Wanda bai fara ba, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta isa dalilin farawa. Wanda kuma ya riga ya saba, yake neman mai ƙarfi da cikar ɗanɗano, ya nemi Padrón 1926 lamba 9 a kantin da zai iya komawa da ƙorafi, ya duba lambar zoben tun kafin ya biya.