Cire bawul ɗin ɗumama kafireta daga tsohuwar Land Cruiser: yadda aikin wani gareji a Kano ya kasance

Motar da na gada daga mahaifina Toyota Land Cruiser ce samfurin FJ40, ƙirar 1978, mai injin 2F, wato mai silinda shida a jere da girman lita 4.2, wanda kamfanin ya soma sakawa a motocinsa a 1975. Tun shigowar bazara ta tsiri wata ɗabi'a: idan aka yi doguwar tafiya aka kashe ta, ba ta sake tashi sai ta huce, ga warin fetur ya cika ƙarƙashin bonet. Wannan ne ya kai ni wani gareji da aka ce min maigidansa ya jima yana aikin tsofaffin motocin Toyota.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa kafireta ba, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, duk da cewa can ne yawancin makanikai suke fara kai hannu. Sai ya zura hannu gefen manifol ɗin hayaƙi, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga silindoji, ya gwada juya wani ɗan ƙarfe, ya tarar tsatsa ta riƙe shi tamau. A wannan inji, manifol ɗin shan iska yana zaune ne a kan na hayaƙi, kuma a tsakaninsu akwai bawul ɗin ɗumama kafireta, wato wani marfi mai sifirin da ke motsawa gwargwadon zafi. Idan inji yana da sanyi, marfin yakan karkata hayaƙi zuwa gindin kafireta domin fetur ya gauraya da iska sosai, idan ya ɗauki zafi kuma sai ya kauce. Nawa ya maƙale a matsayin sanyi, don haka wuta ake hura wa fetur ba ƙaƙƙautawa, a tsakiyar zafin watan Afrilu.

Na nemi ya cire marfin kawai ya toshe ramukan sandarsa, amma ya ƙi. Ya ce: “Alhaji, idan na cire shi na bar wurin a buɗe, hayaƙi zai ci gaba da dukan gindin manifol ɗin sama, kuma alminiyon ne, tsagewa zai yi.” Saboda haka ya yanko farantin ƙarfe daidai da bakin wurin, ya sa shi tsakanin manifol biyun da sababbin gaskit da aka sayo a Ƙofar Ruwa, ya kuma sa mai walda ya toshe ramukan sandar marfin. Kafin ya haɗa, ya zuba kananzir a cikin manifol ɗin sama ya ajiye shi kusan rabin sa'a, muna kallo, don ya tabbatar babu tsaga. A ganina wannan ƙin da ya yi shi ne mafi daraja cikin duk abin da na biya.

Sai dai aikin bai rasa aibi ba. Yaron gareji ya karya kusoshi biyu saboda ya hau su da sufana ba tare da ya jiƙa su da mai ko ya gasa su ba, kuma ba wanda ya sanar da ni sai da na zo karɓar mota, aikin yini guda ya koma na kwana huɗu. Bayan haka hayaƙi ya riƙa tsirtowa ta jikin kan inji da ƙarar tas-tas, domin ba a daidaita fuskokin manifol biyun ba bayan an haɗa su. Da na koma, maigidan bai yi musu ba. Ya kwance, ya kai aka goge su tare, bai kuma karɓi ko kwabo a kai ba.

Yanzu motar tana tashi da bugu ɗaya ko da tsakar rana. Da asubahi kuwa sai na ja cok, mai rage iskar da ke shiga kafireta, na bar ta minti uku ko huɗu kafin ta yarda da totur, kuma maigidan ya riga ya gargaɗe ni cewa jiran zai ƙaru idan hunturu ya kama.