Na je an yi mani hoton mama a nan Maradi, ga yadda na ga wurin

Ƴan uwa mata masu ta tambayata wai da gaske ne injin nan yana matse nono har mutum ya suma, to bari in yi bayani sau guda kowa ya karanta. Wata kilinik ta kuɗi na je a nan cikin gari, ba zan kama suna ba don akwai abin yabo akwai kuma wanda ya sosa mani rai. Ba ciwo ya kai ni ba, lafiyata lau, sajifam ce ta ce tunda na haura 40 kuma ƙanwar mahaifiyata sankarar mama ce ajalinta, Allah ya jiƙanta, gara in yi mamogarafi, wato hoton mama, ko da ban ji komi ba.

Abin da ya fara kwantar mani da hankali, mace ce ke kan injin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, na san mata da yawa da kunyar tuɓe riga gaban namiji ta zaunar da su gida har abu ya ɓaci. Tun ranar da na karɓi randebu ta ce mani Hajiya ki bari sai kamar sati guda bayan kin gama al'ada lokacin nono bai da tsami, kuma kar ki shafa hoda ko mai ko turaren hammata, don suna fitowa a hoto kamar ƴan fararen ɗigo sai a ɗauka wani abu ne.

Matsewar kam akwai ta, ba zan ɓoye maku ba. Tsaye kike, ta ɗora nonon kan wani faranti mai sanyi, wani na roba ya sauko daga sama ya danne shi, ta ce Hajiya saki kafaɗa, riƙe numfashi, kafin ki gama salati ya saki. Hoto biyu kowane ɓangare, guda daga sama guda ta gefe har wajen hammata. Zafin bai wuce na ranar da nono ya cika taf yaro ya ƙi kamawa ba, shi ma na ƴan daƙiƙu. Na tambaye ta mi ya sa dole sai an danne haka, ta ce in naman ya baje hoton ya fi fitowa tas kuma hasken radiyon da ke shiga jiki ya fi zama kaɗan, ta haka ake ganin ƙullin da hannu bai isa ya ji ba tukuna. Wallahi bayanin nan nata ya fi mani komi a wurin.

To amma wajen ba da sakamako nan suka gaza. An miƙo mani ambulan a gishe, takarda duk Faransanci, ƙasa an rubuta ACR 2, yarinyar ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce ba komi. Ni na yi lakwal na ɗan gane, amma baiwar Allah da ke zaune kusa da ni daga wajen Tibiri ta zo, sai juya takardarta take tana kallon mutane. Sai da na nace aka sada mu da dokta. Shi ne ya ce 1 ba a ga komi ba, 2 an ga abu amma ba mugu ba ne, 3 a dawo a sake dubawa nan da kamar wata 6, 4 da 5 kuma sai an ɗebi ɗan nama an gwada, 0 ana son ƙarin hoto ko eko, irin awon da ake yi wa masu ciki. Yanzu ki duba mace mai 4 ta koma ƙauye ba wanda ya gaya mata, gobe a ce jifa ne, a ce daji ba ya son allura, a yi ta shafe-shafe da hayaƙi har ya fashe. Haka muka rasa innata. Dole ne su sa mutum mai yi wa mata bayani da Hausa, ba alfarma ba ce, cikin kuɗin da muka biya yake.

Kuɗin ma ba na mai sayar da ƙosai ba ne, gaskiya da tsada. Ku riƙa kasa kunne a watan Oktoba, watan yaƙi da wannan ciwo, nan ake yawan yin awon nono kyauta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka samu da kansar mama, wajen 670,000 suka rasu, kuma a ƙasashenmu zuwa likita a makare ne ke kashe mu. In an kama shi da wuri ana warkewa, tun 2021 ma akwai injin gashin kansa a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, duk da tafiyar sama da kilomita 600 ce daga nan. Kuma yawancin ƙullin da ake ji a nono ba kansa ba ne, sai an duba ake sani.

Ƴan ƙasa da shekara 40 galibi eko ake fara yi masu don naman nononsu ya fi tauri, mai ciki kuma ta faɗa kafin a sa ta gaban injin. Wadda ta ji ƙulli ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta yi kauri da ƴan ramuka, kar ta jira Oktoba kar ta jira shekaru su cika, ta tafi yanzu.

Zan koma wurin nan da shekara biyu in Allah ya kai mu, saboda matar nan mai injin. In za ku je ku tambaya tun kafin ku biya ko dokta zai zauna ya karanta maku sakamakon, kuma ku adana hotunan a ambulan ɗinsu kar rana ko ruwa su taɓa su, da su ake gwada na gaba a ga ko wani abu ya canza.