Gashin ƙashin da na je kan ciwon ƙugu bayan haihuwa

Tun da na haihu ciwon nan ya kama ni a gefen dama, can ƙasan ƙugu, daidai ɗan loton da ke sama da ɗuwawu, yana sauka har bayan cinya. Juyi a gado azaba, hawa bene azaba, saukowa daga adaidaita kuwa sai na riƙe ƙarfe. A gida aka ce sanyi ne, a ƙara ruwan zafi. Mai kemis ya dinga ba ni maganin rage ciwo mai suna diclofenac har cikina ya fara ƙuna. Hoton ƙashi bai nuna komai ba.

Abin da ya sa nake rubutun nan wata ma'aikaciya ce a sashen gashin ƙashi, Allah ya saka mata da alheri. Ta ce, "Hajiya, nuna min da yatsa ɗaya." Na nuna. Ta kwantar da ni a gefe ta danna ƙuguna, ta juya ni rigingine ta lanƙwasa gwiwata ta tura cinyar ƙasa, wallahi sai da na yi ƙara, ciwon nan ne sak. Ta ce ba ƙashin baya ba ne, gaɓar da ke haɗa ƙarshen ƙashin baya da ƙashin ƙugu ce. Lokacin ciki jiki na sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ta saboda haihuwa, a wasu mata kuma ba ta komawa daidai da wuri. Karo na farko ke nan da wani ya gaya min abin da ke damuna, har hawaye na yi.

Ta koya min kwanciya rigingine ina ɗaga ƙugu sama, da kwanciya a gefe ina buɗe gwiwa ƙafafu a haɗe. Ta ce in sa filo tsakanin gwiwoyi in zan yi barci, in daina saɓa yaro a ƙugu ɗaya. Yanzu ina tashi daga sujada ba dafa bango.

Amma fa wurin ya ɓata min rai. Da aka canja mata ranar aiki, sai aka dinga miƙa ni hannun wanda ya samu. Wani ko fayil ɗina bai buɗe ba, ya kunna min fitilar zafi da na'urar nan mai tsikarar fata da lantarki, ya yi tafiyarsa, kuma kuɗin zama ɗaya na biya cif. Labulen ma bai kai ya rufe mutum ba, ga maza na wucewa. Bel ɗin ƙugun da suka sayar min kuwa, a Sabon Gari na gan shi da araha sosai.

Duk wadda za ta je, ta tambayi ranar da mace ke aiki, ta kuma dage a duba ta da hannu kafin a ɗora mata na'ura.